Furar da Inna Dije Take Turawa Bakin Ƙofa

Yaran da ake ɗauka aikin nan yanzu suna ba ni dariya, wata rana kuma su ba ni haushi. An ba ka waya mai faɗi, an zuba maka tambayoyi a ciki, sai ka ɗauka shi ke nan: ka yi sallama, ka karanta, ka danna, ka hau babur ka wuce gida na gaba. Kwanakin baya wata a cikinsu ta ce mini, "Hajiya Talatu, ai aikinku na da ba wahala, hira ce kawai da tsofaffi." Na dube ta sama da ƙasa, na ce ta jawo kujera. Abin da na gaya mata ran nan shi zan rubuta a nan, don na gaji da maimaitawa.

Ni ba dokta ba ce. Ma'aikaciyar lafiya ce a Kazaure, awon ciki da rigakafi su ne abin da na sani, har wasu malaman jami'a masu nazarin halayyar ɗan'adam suka zo neman mace da za ta iya shiga gidaje, mai jin Hausa da ɗan Fillanci. Abin da ya kawo su shi ne mantuwar tsufa, irin wadda dattijo zai tashi da safe ya rasa hanyar masallacin da ya yi rayuwarsa yana salla a ciki. Aikina in shiga, in zauna, in tambaya, in saurara, in kawo musu abin da na ji ba ragi ba ƙari. Da shi na tsufa, kuma babu wani lungu tsakanin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura da ban shimfiɗa tabarma ba.

Kayan aikina a jaka ɗaya suke. Akwai rikoda mai kaset, wadda take cin batir kamar ba gobe, idan ya fara mutuwa sai muryar tsohuwa ta koma ta ƙato. Akwai ƙunshin goro a jiƙaƙƙen algarara, domin tsohon da ka je wa hannu sake zai amsa maka ne da rabin baki. Sai 'yan tarkace na gwaji: cokali, mukulli, zobe da allura a jikin zare. Ka shimfiɗa su a gaban mutum ya gani, ya faɗi sunayensu, ka rufe da faifai, ka ja shi da hirar damina da tsadar taki, can sai ka ce, "Baba, me muka rufe a nan?" A wurin jira amsar nan ake sanin ma'aikaci. Ba ka gyaran murya, ba ka kallon faifan, ba ka barin jika ya raɗa masa. Kuma idan ya kasa, dole fuskarka ta nuna kamar ba a yi komai ba, domin dattijon da ya ji kunya a gaban iyalinsa ba zai sake buɗe maka ƙofa ba.

Malamai biyu suka koya mini aikin, kuma ban taɓa ganin mutum biyu da ke ƙaunar juna suna musu kamarsu ba. Dokta Lawan mutumin taro ne. Shi a ba shi tsofaffi da yawa, a yi wa kowa tambaya iri ɗaya, da lafazi ɗaya, ya tara amsoshin ya ga inda suka haɗu. Idan na ɗan sauya kalma don tausaya wa wata tsohuwa, sai ya tsayar da kaset ya ce, "Malama Talatu, mudu ɗaya ake awo da shi. In kika canja mudu a kowane gida, me muka auna?" Dokta Binta kuwa ta mutum ɗaya ce. Ita a bar ta da tsoho guda, ta yi ta komawa, ta san inda aka haife shi, wa ya goya shi, me ya fi tsoro, me ke sa shi dariya. A wurinta na koyi yin shiru. Takan taka mini ƙafa a ƙarƙashin zane idan na yi saurin cike wa mutum magana.

A mota suke kafa musun, daga Kazaure har mu isa inda za mu.

"Mutum ɗaya labari ne kawai, Binta," in ji Dokta Lawan. "Labari kuwa kowa da nasa. Gobe in aka kawo wa likitan Babura wata tsohuwa, labarin tsohuwarki ta Roni zai gaya masa abin da zai faɗa wa 'ya'yanta?"

"To kai fa?" in ji ta. "Ka tara jama'a ka cakuɗa, wanda ya fito a ƙarshen lissafinka a wane gida yake? Ba uwa ba uba. Nuna mini ƙofarsa in je in gaishe shi."

Direba ya yi ta dariya, ni kuwa ina baya rungume da jaka, duk wanda ya yi magana sai in ga shi ne mai gaskiya.

A Kanya Babba na fara ganin ƙarfin abin da Dokta Lawan yake yi. Wani tsohon manomi ne, ya fara ɓata a gonarsa, yana zargin matarsa da sace masa fartanya alhali shi ya ajiye ta a rumbu. 'Ya'yansa sun gama yarda sammu ne, har sun fara nuna wani maƙwabci da baki, gaba tana neman shiga tsakanin gida biyu. Dokta Lawan ya zauna da su a zaure. Bai taɓa ganin tsohon ba sai ran nan, amma ya ce, "Yana tuna sunan jakin da ubansa ya hau, amma bai san abin da ya ci da safe ba, ko ba haka ba? Da la'asar rikicin ya fi tashi? Yana cewa a kai shi gida alhali yana cikin gidansa?" Kowace tambaya sai su dubi juna. Babban ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya gaya maka?" Ya ce, "Iyayen wasu ne suka gaya mini, masu yawa, waɗanda ba su san babanku ba, ba su san maƙwabcinku ba." Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, Bahaushe da Bafillace da Babarbare, mai kuɗi da talaka, cuta ɗaya tana bi da su hanya ɗaya, tana kwashe na jiya ta bar na ƙuruciya. Wanda ya zauna da mutum ɗaya tak ba zai taɓa ganin wannan hanyar ba. Maƙwabcin nan ya tsira da mutuncinsa, shi ma bai san dalili ba.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce ta ruwa mai yawa. Damina ta zo da ƙarfi, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, hanyoyin ƙauye suka yanke. Tsofaffin da muka daɗe muna bibiya wasu aka kwashe su zuwa wurin dangi, wasu suka rasu, wasu muka je muka tarar da kango. Kaset ɗina da dama suka sha laima suka manne. Dokta Lawan ya rame, domin irin aikinsa in jama'a suka watse to ya tsaya. Motar ma ta daina zuwa. Dokta Binta ta kira ni a waya ta ce, "Duk gidan da babur zai iya kai ki, ki je ki zauna. Kada ki yi gaggawa, bana ba inda za mu." Haka aka yi na zama 'yar gida a wurin Inna Dije, a cikin garin Roni.

Inna Dije Bafillatana ce, ta yi rayuwarta a ruga a bayan duwatsu, sai da ƙarfi ya ƙare ɗanta na fari, Alhaji Buba, ya gina mata ɗaki a gari. Shi yana fataucin dabbobi, yana zaune a Kazaure, yana zuwa duba ta a kai a kai. Ƙanwarsa Mairo, autar Inna, ita ke jinya. Lokacin da na san ta cutar ta yi nisa. Kayan gwajina ba su da amfani a wurinta, na ɗaga faifai ta ɗauki zoben ta sa a yatsa ta ce na gode. Hausarta ta fara zubewa, rabin maganarta ta koma Fillanci. Abin da ya fi damun iyalin shi ne matar da aka sani da kawaici ta zubar da shi gaba ɗaya. Takan cire ɗankwali a gaban baƙi, ta kira surukinta da sunansa tsirara, ta miƙa wa mai tallan manja hannu ta ce ya ba ta goro. Kowa nata ne. Ni kaina wata rana ni ce yayarta, wata rana ni ce mai sayen nono.

Mutum ɗaya ne ba ta yi wa haka, shi ne Alhaji Buba. Da ya shigo sai ta juya fuska ga bango. Ya durƙusa ya gaishe ta, shiru. Ya matso, ta ja jiki. Kuma duk zuwansa da fura da kindirmo yake zuwa, don ya san su ne abincin da ta fi so. Mairo ta dama ta miƙa mata, ta kurɓi kaɗan, ta ɗauki faifai ta rufe, ta tura ƙwaryar da ƙafa ko da hannu har bakin ƙofa. Idan ba ranar zuwansa ba ce, tas take shanyewa har ta side.

Dangi kuwa ba su rasa fassara ba. Lokacin da ya taso ta daga ruga ba da son ranta ba ne, kuma ya sayar da wasu shanun da ba mai kiwonsu. Sai magana ta fara yawo a bikin suna da zaman makoki cewa Inna tana fushi da Alhaji, ko abincinsa ba ta ci. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san nauyin wannan maganar. Mutum ya yi salla, ya yi azumi, ya je Makka, amma a ce uwarsa ta koma ga Allah tana fushi da shi, to ina zai sa kansa?

Wata rana Alhaji ya tare ni a zaure bayan na fito. Babban mutum ne mai jiki, mai murya, irin wanda in ya yi tsawa a kara, kasuwar dabbobi, ko'ina ake jinsa. Amma ran nan da ƙyar maganar ke fita.

"Malama, ku da kuka yi karatun abin nan, ku gaya mini gaskiya. Mantawa ta yi da ni, ko fushi take yi? In mantuwa ce, na ɗauka, cuta ce. In fushi ne, ina so in sani tun tana da rai. Na roƙi gafara har gwiwata ta yi kanta, ko kallona ba ta yi."

Na kira masa Dokta Lawan a waya, na sa yadda duk za mu ji. Dokta ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Alhaji, abin da na sani shi ne, da yawa daga waɗanda cutar ta kai su nan sukan daina gane 'ya'yansu. Wannan zan iya faɗa maka ba shakka. Amma ko mahaifiyarka tana cikinsu, lissafina bai san ta ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba." Na ƙara ganin girman mutumin nan a ranar, domin da ya ce mantuwa ce, da Alhaji ya tafi da sanyi a ransa, ba kuma wanda zai kama shi.

Sai na koma ga abin da Dokta Binta ta koya mini. Na daina tambaya. In zo da hantsi, in shimfiɗa tabarma a gefen gadonta, in taya Mairo tsince shinkafa, idona yana kan Inna. Masu shigowa gidan ba su da iyaka, kuma duk wanda ya yi sallama ko a jikinta. Amma na lura da wani abu. Alhaji yana da wani ɗan tari da yake yi a zaure kafin ya yi sallama. Da ta ji tarin nan, tun bai ɗaga labule ba, sai ta lalubi ɗankwalinta ta ɗaura, ta ja zane ta rufe ƙafafu, ta gyara zama, sannan ta juya ga bango. Na gani sau ɗaya na ce dace ne. Na sake gani, na kuma sake gani. Matar da ba ta san safiya da yamma ba, ta san tarin mutum ɗaya a duniya.

Na gaya masa, domin abin da na gani ke nan, kuma aikinmu ba ya yarda da ɓoyo. Na ce, "Alhaji, ta san ka. Tun kana zaure take sanin kai ne."

Ya cire hula ya riƙe a hannu. "To fushi ne ke nan," in ji shi. Bai shiga ba ran nan. Ya miƙa wa Mairo furar daga zaure ya juya. Mako ya zagayo bai zo ba, sai aike. Mairo ta ce mini, "Yaya ya ce tunda ganinsa yana ɓata mata rai, gara ya bar ta ta huta." Na rasa abin da ke mini daɗi. Na je neman gaskiya na samo rabinta, rabin kuma ya fi rashin sani ciwo.

Na kira malaman nawa na zayyana musu komai. A nan ne na ga abin da har yau nake jinjina wa, yadda hanyoyin nan biyu da suke ta musu a mota suka kama hannun juna. Dokta Lawan ne ya fara. Ya ce, "Kin ce Hausarta tana zubewa tana komawa Fillanci? Kin ce tana kiran ki yayarta? To abin da muka gani a gidaje da yawa shi ne, shekarun baya-bayan nan su ke fara tafiya. Matar nan ba a bana take zaune ba. Shanun da aka sayar da ɗakin da aka gina, ina zaton duk sun riga sun fita daga kanta. Ki binciko wace shekara take ciki." Dokta Binta ta karɓe ta ce, "Wannan kuwa ba ya cikin lissafi. Ki nemo wanda ya san ta a wancan lokacin, ki zauna da shi."

Mairo ba ta sani ba, ita auta ce, ta buɗe ido ta ga uwarta ta riga ta manyanta. Amma ta tuna da wata ƙawar Inna tun ta 'yanmatanci, Iya Habi, wadda ke zaune wurin jikokinta a wani ƙauye ta wajen Gwiwa. Tafiyar da na yi ran nan ba zan manta da ita ba. Inda ruwa ya cinye hanya sai in sauka in tattare zane, mai babur yana turawa ina bin sa, jaka a ka. Na isa laka har gwiwa. Iya Habi ta makance, amma kanta garau, bakinta kuma ya fi reza.

Na ba ta goro, na ba ta labari. Da na zo wurin juya fuska ga bango, sai ta kwashe da dariya har da tafa cinya.

"Dije ke nan! Ke 'yar nan, ɗan fari ne fa. A zamaninmu ai ba a kallon ɗan fari. Ita kuwa Dije ta fi kowa, har tsiya muke yi mata. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a can ya girma. In an kawo shi rugarsu ganin gida, Dije ba ta kallonsa, ba ta kiran sunansa, in ya bi ta nan ta bi ta can."

Na ce, "Iya, ai kunyar ɗan fari kowa ya san ta. Amma ita ta daɗe da ajiyewa. An ce tun da mijinta ya rasu, Alhaji ya kai ta Makka, suke zama tabarma ɗaya, suna hira, tana ce masa Alhaji. Yanzu kuma ba ta jin kunyar kowa, ko surukinta."

"Surukin nan, yaushe ta san shi? Jiya-jiya. Wannan kuwa tun tana yarinya ɗanya ta haife shi." Ta tauna goro. "Da furar me kika ce tana yi?"

Na ce tana kurɓa kaɗan, ta rufe da faifai, ta tura bakin ƙofa.

Dariyar ta ɗauke daga fuskar tsohuwar. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Wayyo Dije. Haka take yi. Ba ta iya miƙa masa abu hannu da hannu, mutane za su ce ba ta da kunya. Sai ta dama furarta da kindirmon da ba a kaɗe ba, ta taɓa kaɗan don a ce ragowa ce, ta rufe, ta ajiye a bakin bukka inda zai gani, ta shige ciki. Ni nake zuwa in ce masa, zo ka sha, ragowar wata ce. Ita kuma tana leƙensa ta hudar zana har ya shanye. Sau nawa ta kwana da yunwa a kan haka! Shi yana ƙarami, ina zai sani? Ku kuma kun zauna kuna kallon ƙwarya a bakin ƙofa, ba wanda ya ce wa yaro ya ɗauka?"

Na zauna a tabarmar nan ina tuno ƙwaryar. Duk gidan, da ni da na ɗauki kaina mai lura, muna ganin ƙwaryar nan tana tafiya bakin ƙofa, muna cewa ta ƙi abincinsa. Mairo kuwa sai ta ɗauke ta ba yaran maƙwabta.

Ban ce wa Alhaji na samo amsa ba, domin maganar Iya Habi zato ce har sai an gwada, haka aka koya mini. Na same shi a Kazaure na ce ina roƙon alfarma ɗaya. Ya zo da fura kamar kullum, ya yi tarinsa, ya yi sallama, amma kada ya shiga ɗakin, kada ya durƙusa a gabanta. Ya zauna a tsakar gida kusa da ƙofa, ya ba ɗakin baya. In ƙwarya ta fito, ya ɗauka ya sha.

"In sha abin da ta ƙi?" in ji shi.

Na ce, "Ka dai sha, Alhaji."

Da hantsi ya zo. Ni da Mairo muna ciki. Tarin ya zo daga zaure, Inna ta lalubi ɗankwali, ta ja zane, ta juya ga bango. Mairo ta dama furar ta miƙa. Ta kurɓa sau ɗaya, ta ɗauki faifai ta rufe, ta tura a hankali, a hankali, har ƙwaryar ta taɓa labule. Hannun Alhaji ya zo ta ƙarƙashin labulen ya ɗauka. Muna jin ƙarar ludayi yana taɓa ƙwarya.

Sai Inna ta motsa. Matar da sai an ɗaga ta take tashi, ta dafa gado ta ja jiki har bakinsa, ta sa yatsa ɗaya ta ɗan janye gefen labulen, daidai faɗin ido. Ta tsaya a haka tana kallon bayan mutumin nan mai furfura a gemu, bakinta yana motsi tare da kowane ludayi da ya kai baki. Ban taɓa ganin fuska irin wannan ba a duk shekarun da na yi ina kallon fuskokin tsofaffi. Na ji tsoron Allah ya kama ni. Cuta ta kwashe mata sunan garinsu, ta kwashe mijinta, ta kwashe Makka, ta kwashe har yadda ake ɗaura zane, amma ta zo nan ta tsaya.

Da ƙarar ludayin ta ɗauke, ta saki labulen da sauri, ta yafito Mairo, ta yi ƙasa da murya, da Hausa tsaf wadda muka daɗe ba mu ji a bakinta ba.

"Ya shanye?"

"Ya shanye, Inna."

"Duka?"

"Duka, Inna, har ya side."

"Madalla. Allah ya yi masa albarka, Allah ya raya shi." Ta kama hannun Mairo ta matse. "Kada ki gaya masa ni na ajiye."

Labule ne kawai a tsakaninsu, ya ji komai. Bai juyo ba, ya san kada ya juyo. Daga inda nake, ta gefen labulen, ina ganin kafaɗunsa suna rawa, ya kifa fuskarsa a cikin ƙwaryar da ba komai a ciki.

Da na ba malamaina labarin, Dokta Binta ta yi ta share ido da gefen mayafi. Dokta Lawan kuwa ya ce, "Ni na san hanyar da suke bi. Ban san abin da kowa ke ɗauke da shi a kan hanyar ba." Ita kuma ta ce, "Ni da ba ka ce a nemi shekarar ba, da har yanzu ina bana ina neman laifin shanu." Motar ta dawo bayan damina, suka ci gaba da musunsu daga inda suka tsaya, kamar ba a yi komai ba.

To wannan ita ce hirar da yarinyar nan ta ce ba wahala. Na ce mata ta riƙe wayarta da kyau, ta yi tambayoyin yadda aka rubuta, kada ta canja mudu, domin da amsoshin jama'a ake gane hanya. Amma in ta gama dannawa, kada ta yi saurin naɗe tabarma. Ta dubi abin da ake turawa bakin ƙofa, ta tambayi wa ake ajiye wa.

Inna Dije ta kai har bayan girbi. Alhaji Buba ya mayar da zuwansa kusan kullum, ya yi tarinsa a zaure, ya zauna a gindin labule ya ba ɗakin baya, ya jira ƙwaryarsa. Masu cewa tana fushi suka yi ta zuwa kallo, suna fita suna salati. Har Allah ya karɓi abarsa ba ta dube shi ido da ido ba, ba ta kuma kira sunansa ba. Ranar jana'iza na je gaisuwa, ya hango ni cikin mata, ya taso har inda nake.

"Malama," in ji shi, "duk duniya ni kaɗai ta ji kunyata."